Ƙafar Kawu

Tun kafin Kawu ya faɗa min, kunnena ya riga ya ji. Garejina yana kallon get ɗin gidan Manaja, kwalta ce kawai a tsakani, kuma kullum ƙarfe biyu da rabi motarsu ke dawowa daga ɗauko matarsa Madam a shagonta. Ranar ina kwance ƙarƙashin wata akori-kura ina fama da wani noti da ya ci tsatsa, sai na ji motar ta tsaya. Direba ya ɗage ƙafa, amma injin bai sauko ba. Ya ci gaba da gurnani sama-sama, sai da na ƙirga shida a raina kafin ya koma silo, wato 'yar kaɗawar nan ta hankali da inji ke yi in babu ƙafa a kan totur.

Kawu ne direban. Ƙanin mahaifiyar Manaja ne, ciki ɗaya. Shekara talatin ya yi yana jan tirela kafin ciwon baya ya sauke shi, ɗan yayarsa ya ba shi ɗakin jikin get da makullin mota. Duk layin Kawu muke ce masa, har waɗanda suka girme shi.

Da la'asar ya tsallako ya zauna a bencina, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

“Injiniya, ka ji ta?”

“Na ji ta, Kawu.”

“Yau kwana huɗu ke nan. Da safe lafiya lau. Da ta yi zafi, in na ɗage ƙafa sai allurar agogon inji ta maƙale a sama, sai ta ga dama take saukowa. Na cire shimfiɗar ƙasa, na duba ko wani abu ya tokare totur ɗin, babu komai. Ka leƙa min bonet mana, minti biyar.”

“Da sanin Manaja?”

Ya hau murza hular. Ni da shi mun san dokar. Manaja ya ce babu mahaluƙin da zai buɗe bonet ɗin motarsa sai ma'aikatan inda ya saye ta. Bara da na ɗaure masa kan batir, har bakin garejina ya zo ya ce motarsa ba ta 'yan gefen titi ba ce, a gaban kwastomomi.

“Kawu, ka faɗa masa. In ya ce na duba, ko a tsakiyar aiki nake zan aje.”

Abin da na ce ke nan, na koma ƙarƙashin akori-kurata.

Washegari da safe ya faɗa masa. A bakin get ne, Manaja yana tsaye da waya a kunne da jaka a hannu, ina jin su sarai.

“Ɗan Yaya, motar nan ba ta sauka silo da wuri. Ya kamata a duba.”

“Wata biyu da yi mata sabis, Kawu.”

“Na sani. Amma in ta yi zafi…”

“Kawu, ƙafarka ce. Ka saba da tirela, inda sai an taka da ƙarfi. Wannan kwamfuta ce ke tafiyar da ita, ba a yi mata dambe.”

Madam ta leƙo ta tagar baya. “Ai gara da ka faɗa masa. Jiya da ya sa giya sai da wuyana ya amsa. Ni dai tsoro nake ji wallahi.”

Kawu ya yi 'yar dariya irin ta wanda ba ya son magana ta yi tsawo, ya shiga ya ja su.

Daga ranar sai ya shiga dabaru. Motar otomatik ce, in aka sa mata giya injin yana sama sai ta zabura. Don haka duk inda ya tsaya sai ya jira allura ta sauko kafin ya taɓa giya. Wannan jiran shi ya zama laifi na biyu. Ina jin Madam daga cikin gida: “Kawu, me kake jira ne? Ko barci kake?” Ya canza takalmi, ya koma saka mai laushi. Bayan kwana biyu na ga ya fito daga motar ba takalmin gaba ɗaya, yana riƙe da su a hannu. Ya sake yi wa Manaja magana sau biyu. Na farko aka ce masa ana sauri. Na biyu aka ce masa, “Kawu, wai ni zan koya maka tuƙi ko kai za ka koya min mota?”

Kullum in ya dawo sai ya kallo garejina. Ni kuma kullum sai in sami abin da zan sunkuya a kai.

Ranar Talata ta mako na uku abin ya faru. Sun dawo ke nan sun shiga, Madam ta tuna ta baro makullin shago a jikin ƙofa. Ta hau faɗa tun daga kujerar baya: a juya, a juya yanzu, kafin wani ya shiga ya kwashe ta. Injin yana can sama yana ihu. Kawu ya ce, “Bari ta sauko, 'yata.” Ta ce, “Don girman Allah ka ja motar nan!”

Ya sa ribas. Motar ta yi baya kamar an harbo ta, ta daki ginshiƙin get. Fitilar baya ta tarwatse, but ya lotse. Madam ta bugi kan kujerar gaba da baki, leɓenta ya fashe, haƙori ɗaya ya ɓantare.

Na tsallaka da gudu, mai shagon kusa da ni ma ya biyo ni. Manaja ya dawo cin abinci a ranar, ya fito da singileti, hannunsa da maiƙo. Bai tambayi abin da ya faru ba. Ya dubi matarsa, ya dubi but, ya miƙa hannu ta taga ya zare makullin.

“Fito.”

Kawu ya fito, ƙafarsa ba takalmi.

“Ɗan Yaya, wallahi ƙafata tana kan birki…”

“Ka yi min shiru! Sai ka kashe min mata hankalinka zai kwanta? Tsufa ya kama ka ka ƙi yarda, kullum mota, mota. Motar ce ta sa kanta a ribas?”

Mutane sun fara taruwa. Na buɗe baki na ce, “Ranka ya daɗe, ni ma na sha jin injin nan…”

“Kai kuma wa ya sa da kai? Kasuwa kake nema?”

Na rufe bakina. Kawu ya sunkuya yana tsince fasassun gilashin fitila ɗaya bayan ɗaya, yana tarawa a tafin hannu, don kada wani ya taka.

Aka kai motar wajen masu gyaran jiki, ta yi kwana goma. A kwana goman nan na ga yadda ake rage mutum. Ba a kore shi ba, Manaja ma yana faɗa wa kowa cewa shi ba zai iya korar ƙanin mahaifiyarsa ba. An dai sallami mai gadi, aka ce tunda Kawu yana jikin get, ya riƙa buɗewa, motsa jiki ne. Da yana cin abinci a falo tare da su, yanzu sai a miƙo masa a ƙofar ɗaki, wai Madam in ta gan shi gabanta faɗuwa yake. Aka kai shi asibitin ido, likita ya ce idonsa ƙalau. Manaja ya ce likitan ai bai taɓa zama a bayansa a mota ba.

Sai maganar ta sauya. Dangi suka fara zuwa duba Madam, kowa ya fito sai ya tsaya a kan Kawu ya yi masa sannu da murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi wa marar lafiya. Na ji Madam tana raka wata tana cewa, “Ai abin ya daɗe, mu ne muke rufawa. Mantuwa, ruɗewa, ya taka totur ya ce birki ya taka. Mu dai haƙuri muke, saboda zumunci.”

Ni ban taɓa ganin Kawu ya manta komai ba. Mutumin da yake iya faɗa maka lambar kowace tirela da ya taɓa ja.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne shi ma ya fara yarda. Ya daina zama wuri ɗaya. Ya tashi ya leƙa titi, ya koma, ya zauna, ya miƙe. Wata rana na hango shi a kan kujerarsa ta roba, ya ajiye soson wanke mota a ƙasa, yana takawa yana ɗagewa, yana kallon ƙafar kamar ta wani. Ya tsallako wajena a rame, rigarsa ta yi masa yawa.

“Injiniya, riƙe min ƙafar nan. In na ce na ɗage, ka faɗa min ko na ɗage da gaske.”

“Haba Kawu.”

“Riƙe dai. Wataƙila ina jin na ɗage ne alhali tana nan. An ce haka abin yake farawa.”

Na durƙusa na riƙe. Ya taka, ya ɗage. Ƙafa ce lafiyayya, mai saurin amsawa. Na faɗa masa. Ya girgiza kai.

“Kai ma kunyata kake ji.”

Motar ta dawo tana ƙyalli, Manaja ya ce shi zai riƙa ja da kansa kafin a sami direba mai jini a jika. Kwana biyu na farko da sassafe yake fita, ofis ɗinsa ba nisa, injin bai gama zafi ba. Rana ta uku ya yi doguwar tafiya ya dawo da azahar. Kawu ya buɗe get. Manaja ya ɗan wuce, ya sa ribas don ya gyara tsayuwa, motar ta zabura. Allah ne ya sa ya danne birki da ƙafa biyu, taya ta yi ƙara, ta tsaya taku ɗaya da inda Kawu yake riƙe da ƙyauren.

Manaja ya daɗe a ciki bai fito ba. Da ya fito bai kalli kowa ba.

Ranar Asabar da hantsi sai ga shi a garejina. Ya shigo da motar har ciki, bayan akori-kura, inda ba a hangowa daga titi.

“Injiniya, ɗan duba min. Kamar masu gyaran jikin nan sun taɓa wani abu.”

Na shiga na zauna a kujerar direba. Na bar ta a kunne har fanka ta tashi, don na san sai da zafi take nuna hali. Na taka, na ɗage. Allura ta tsaya a dubu biyu da rabi, ta yi ta shawagi, sannan ta gangaro a hankali. Na duba ƙasan totur, babu abin da ya tokare. Na buɗe bonet. Na bi tiyo-tiyon iska ɗaya bayan ɗaya ina matsawa ina saurare, ko akwai inda ya tsage yana shan iska a ɓoye, babu. Na cire babban tiyo na leƙa maƙogwaron injin, inda ɗan faifan da ke buɗe wa iska hanya yake. In datti ya taru a nan yakan hana shi rufewa. Tas yake. Na zare wayar totur daga jikinsa, na murɗa shi da hannu na saki, ya koma da kansa ƙat, injin ya faɗo silo nan take. Sifirin ɗinsa lafiya ke nan.

Saura wayar. Na ja ta da yatsu, na ji tana turjewa a cikin rigarta. Na bi ta da hannu har inda take kutsawa cikin mota. A nan na ga abin. Wasu sababbin wayoyi biyu, ja da baƙa, sun taso daga batir, an ɗaure su a jikin wayar totur da igiyar roba mai haƙora, an ja ta tamau har wayar ta lanƙwashe ta jingina da ƙarfe mai zafi. Rigar ta narke ta motse. In ta ɗumama sai ta kama wayar ta riƙe.

“Ranka ya daɗe, waɗannan wayoyin na mene ne?”

Ya leƙo, ya ja da baya. “Wannan ba matsala ba ce.”

“Ita ce matsalar gaba ɗaya. Ina suka tafi?”

Na bi su da kaina. Ƙarƙashin sitiyari suka kai ni, ga wata 'yar baƙar na'ura an manna, irin wadda ke nuna wa mutum a wayarsa duk inda motarsa take.

“Yaushe aka sa?”

Ya share gumi. “Wata ɗaya da 'yan kwanaki. Wani ne ya zo ofis ya sa min.” Sannan ya ƙara da sauri, “Madam ce ta ce tana zargin Kawu yana ɗaukar fasinja in ya sauke ta.”

“Ya ɗauka?”

“Ba wannan muke magana ba. Ka gyara kawai. Kuma maganar nan ta tsaya a nan.”

“Kawu fa?”

“Kawu me? Ko ba wannan, ai ya tsufa, dama lokacin hutunsa ya yi. Muna ciyar da shi, muna ba shi wurin kwana. In na je na ce masa ga abin da ya faru, da wane ido zan kalli matata? Da wane ido zan kalli dangi? Kai ba ka san sha'anin gida ba.”

Na ajiye sifana. Na fita bakin gareji na ɗaga murya: “Kawu! Zo ka taya ni riƙe wani abu.”

“Kai, me kake yi?” in ji Manaja.

Kawu ya tsallako yana jan ƙafa. Da ya ga ɗan yayarsa sai ya tsaya daga nesa. Na mayar da wayar yadda take, na buɗe ƙofar direba na nuna masa kujera babu kowa. Na zagayo, na murɗa totur da hannu daga cikin bonet, na saki, na ɗaga hannuwana biyu sama. Injin ya ci gaba da ihu shi kaɗai.

“Ƙafar wa ke kai yanzu, Kawu?”

Ya matso. Ya leƙa wajen totur, ya leƙa allura, ya dawo ya sunkuya a kan inda na nuna masa. Ya daɗe yana kallon igiyar robar. Ya bi jar wayar da yatsa har cikin mota, ya ga na'urar. Direban tirela ne, ya san ko mece ce, kamfanoni suna sa wa direbobin da ba su yarda da su ba.

Na zaci zai yi faɗa. Sai ya miƙe a hankali, ya dafa bayansa.

“Ɗan Yaya, da ka tambaye ni inda nake zuwa, ai da na faɗa maka.”

Manaja ya rufe bonet da ƙarfi, ya ce min na ci amanarsa, ya ja motarsa a haka ya kai ta wani wuri.

Ba a tara dangi an warware musu ba. Madam ta ce ko ma mene ne, Kawu ne ya sa giyar, kuma haƙorinta ba zai dawo ba. Manaja ya daina biyowa ta inda zai haɗa ido da Kawu, sai ya yi hon daga nesa ya ɗaga gilashi. Bayan mako guda aka kira 'yar Kawu da ke aure a wani gari, aka ce mata jikin babanta yana son kulawar 'ya. Ta zo da motar haya da safe. Kawu ya ɗaure kayansa, ya zauna a kan jakar a bakin get, ya ce ba zai tafi ba sai sun yi sallama da ɗan yayarsa. Tun ƙarfe tara har rana ta take. Aka aiko a ce Manaja yana taro ta waya. Direban hayar ya fara ƙorafi. 'Yar ta kama hannun babanta tana hawaye, ta sa shi a mota.

Ta karɓi lambata kafin su tafi. Bayan wata ɗaya ta kira ni da safe.

“Injiniya, don Allah ka taimaka. Baba ba ya cin abincin kirki. Kullum tambayarsa ɗaya, ko Yaya Manaja ya kira. Ni kuma in na kira shi ba ya ɗauka.”

Daidai lokacin get ɗin ya buɗe, hancin motar ya leƙo. Na ce mata, “Ba shi wayar.” Na tsallaka titi na tare gaban motar, na ƙwanƙwasa gilashi. Manaja ya sauke kaɗan.

“Kawunka ne a kan layi.”

Ya kalli wayar da ke hannuna. Kalma biyu ce ake nema a wajensa, ko da a tsaye, ko da ba da zuciya ɗaya ba. Mutumin da ke ɗaya gefen ya goya shi, ya kai shi makaranta a gaban tirela, kuma ba gida yake nema ba, ba makulli ba.

“Ina sauri. Ka ce zan kira.”

Gilashi ya hau, mota ta wuce. Na kai wayar kunnena. Kawu ya riga ya fara magana, muryarsa cike da murna.

“Ɗan Yaya, kai ne? Ya iyali? Ya bakin 'yata, ya warke? Kada ka damu da komai, ni ban riƙe ka ba…”

“Kawu, ni ne. Injiniya.”



“To,” ya ce. “Aiki ne ya yi masa yawa. Ka bar shi, kada ka takura masa.”

Ina tsaye a tsakiyar kwalta da wayar a kunne, masu mota suna ta danna min hon.